Kujerar da Ba a Sayarwa

A ƙarshen layinmu akwai wani tsohon bene, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗaki da ake sauka cikinsa ta wata matattakala mai santsi. A nan Mai Kujeru yake aiki. Sunan da kowa ya san shi da shi ke nan, har matarsa in tana ba da labarinsa a waje haka take cewa. Shagona na gyaran agogo yana tsallaken titi, yana kallon tagarsa. Saboda haka abin da na fi sani a jikinsa shi ne tsakiyar kansa, tun tana da gashi har ta daina.

Tagar tasa daidai take da daɓen titi. Wanda yake ciki ba ya ganin fuskar masu wucewa, sai takalmansu. Da takalmi ya san mutanen layin. Ya san na mai aski, wanda dunduniyarsa ta hagu ta cinye. Ya san silifan Gwaggo, tsohuwar da ke sayar da sabulu da ashana da sukari a shagon da ke samansa. Akwai kuma wani irin takalmi, baƙi mai sheƙi, wanda in ya tsaya a bakin tagar sai gudumarsa ta tsaya a sama.

Tare da ƙanensa suka shigo ƙasar nan, a lokacin ba su da takardar komai. Wata safiya irin takalman nan suka tsaya, aka ƙwanƙwasa, ƙanen ne ya fi kusa da ƙofa. Shi Mai Kujeru yana bayan tulin soso yana yanka. Bai fito ba. Ba a sake ganin ƙanen a layin ba, daga baya aka ji an mayar da shi inda ya fito.

Tun daga ranar layinmu ya koyi wata ɗabi'a. Akwai bututun ruwa da ya sauka daga shagon Gwaggo zuwa ɗakin ƙasa. In baƙon ido ya shigo yana ɗauke da jaka yana duba lambobin ƙofa, sai Gwaggo ta ɗauki cokali ta buga bututun. Wanda aka tambaya kuma, ko wane ne ake nema, amsa ɗaya ce: ya tafi. Abin ya zauna a bakin mutane har ya wuce tunani. Mai aski ya taɓa gaya wa wani baƙo cewa mai aski ya tafi, alhali almakashi na hannunsa. Ashe ɗan'uwan matarsa ne ya zo gaisuwa.

Shi kuwa Mai Kujeru ya ƙera wata doguwar kujera mai yadi ruwan toka, ya ajiye ta a jikin bango. Kyakkyawa ce, masu saye sun sha taya ta. Kullum sai ya ce an riga an biya, mai ita ne bai zo ba. Mu da muka daɗe mun san mazauninta yana ɗagawa, kuma cikinta fanko ne, tsawon mutum ɗaya in ya ɗan lanƙwashe gwiwa.

Daga baya Allah ya sa ya sami katin izinin zama ta hannun wani kamfanin kujeru da ya ɗauke shi aiki. A kan katinsa aka ba matarsa nata, aka ba 'yarsu Auta nata, kamar makullai a zobe ɗaya. Auta a goye aka shigo da ita, ba ta san wata ƙasa ba sai wannan, a lokacin da abin nan ya faru kuma tana shekararta ta ƙarshe a makarantar jinya. Ka ce da samun kati zai sayar da kujerar. Bai sayar ba. In bututu ya yi ƙara, da katin a aljihunsa zai ɗaga mazauni ya shige. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ga shi kuma katin yana da ɗan tabo. Kamfanin ya rufe, shi ya ci gaba da sana'a da kansa, amma a jikin katin har yanzu sunan kamfanin ne. Bai je ya gyara ba. Ya ce zuwa ofis da ƙafarka tsokanar barcin kare ne.

Wata rana da hantsi wata mata ta shigo layin. Ba ta yi kama da masu baƙin takalmi ba. Takalmin yadi ne a ƙafarta, ya ji jiki, tana rungume da wata na'ura mai kama da allo. Ta tsaya a gindin benen tana duba lamba. Daga shagona na ji ƙarar cokali a jikin bututu. Mai aski ya bar kan mutum rabi a aske, ya fito yana goge hannu.

"Mai Kujeru? Ayya, Hajiya, kin makara. Ya tafi. Ni na kai shi tasha da kaina. Har kuka ya yi."

Ta tambayi Gwaggo. Gwaggo ta ce ita ba ta ji sosai, amma ya tafi.

Da yamma mai aski ya sauka ɗakin ƙasa yana taƙama. "Gafiya, fito daga rami ka yi mini godiya. Yau na kai ka tasha, na saya maka tikiti, na ɗaga maka hannu. Kujerar shagona da ta yage kyauta za ka ɗinke ta."

Mai Kujeru ya yi dariya irin ta wanda cikinsa ke ciwo, ya ɗinke masa kujerar.

Bayan wasu kwanaki matar nan ta dawo. Aka sake buga bututu, aka sake kai shi tasha. Wannan karon da ta gama ba ta wuce ba. Ta tsallako ta shigo shagona, ta ce maɗaurin agogonta ya tsinke. Na duba, da sauransa. Na ba ta kujera dai, na fara kwance shi a hankali.

"Baba, kai ma za ka ce mini ya tafi?"

Na ce ni agogo nake gyarawa.

Ta yi murmushi, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafarta. "Ni ba daga ofishin masu ba da kati nake ba. Daga ofishin ƙididdiga nake. Su masu kati duk shekara suna turo mana adadi, su ce ga yawan baƙin da ke zaune da izini. To amma takarda ba ta san wanda ya rasu ba, ba ta san wanda ya tattara kayansa ya koma gida bai yi sallama ba. Shi ya sa ba ma ɗaukar adadin haka kawai. Ka ga mai sayen hatsi? Ba ya zazzage buhu duka. Yana soka hannu nan da can ya ɗebo kaɗan ya duba. Haka muke yi. Na'ura ce ke tsamo sunaye kamar ƙuri'a, ba ta san kowa ba, mu kuma mu bi ƙofa ƙofa mu gani ko mutumin yana nan. Kowane mutum ɗaya da na duba yana tsaye ne a madadin mutane masu yawa irinsa. In na same shi, an ƙirga su. In ban same shi ba, an zubar da su."

Na ce to Allah ya taimaka.

"Hancina ya ji warin gam a matattakalar can, ɗanye. Amma ba a ba ni wurin rubuta abin da hancina ya ji ba. Abin da ido ya gani nake rubutawa, ko abin da maƙwabta suka faɗa. Maƙwabta biyu sun ce ya bar ƙasa, ɗaya har ya ce shi ya kai shi tasha." Ta mayar da takalminta. "Saura mini zuwa ɗaya. In ban gan shi ba zan rubuta ya tafi. A ƙarshen shekara masu kati suna daidaita rajistarsu da abin da muka samu. Wanda aka rubuta ya bar ƙasa, katinsa ya mutu. Duk katin da ke rataye a jikin nasa kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta biya kuɗin maɗaurin da ba ta buƙata, ta fita.

Na jira ta sha kwana, na rufe shago na tsallaka. Na tarar da shi ya fito daga kujerar, garin katako a gemunsa, matarsa tana kaɗe masa baya. Mai aski ya biyo ni. Na faɗa musu abin da na ji, ban ƙara ba ban rage ba.

"Tarko ne," in ji mai aski. "Baba, da girmanka za a yi maka wayo da maɗaurin agogo? Yau ƙidaya, gobe mota a bakin layi. Ka taɓa ganin kaza ta je wurin mahauci don a ƙirga ta?"

"In kuma gaskiya ta faɗa fa?" in ji matar Mai Kujeru. Ba ta cika magana a gaban mutane ba. "Da bakinka ka kore mu ke nan, kana zaune kana aski."

"Haba, Yaya! Ni da nake rufa muku asiri?"

"Rufin ya yi yawa, har numfashi ba ya shiga."

 Mai Kujeru ya ciro katin daga aljihu yana kallon wurin da sunan kamfanin yake. Dukanmu mun gane lissafin da yake yi. In ya fito ta karɓi katin, ta ga kamfani, ta ga mutum yana sana'ar kansa a rami, wa ya san inda maganar za ta tsaya? In bai fito ba, shi da matarsa da Auta za su zama mutanen da suka tafi alhali suna nan. Gaba kura, baya sayaki.

Can ya ce, "Kada a gaya wa Auta. Tana da jarrabawa."

Washegari ya hau wurin Gwaggo ya ce mata, "Inna, in matar nan ta dawo kada ki buga." Ta ce me? Ya sake faɗa da ƙarfi. Ta dube shi kamar ya ce ta cire ƙofar shagonta, sannan ta ce to.

Ya ɗauko ɗan benci ya ajiye a saman matattakala, wai a nan zai riƙa aiki don a gan shi. Na kalle shi daga shagona. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana koyon yadda ba za a gan shi ba, ga shi zaune a fili yana cusa soso a matashi. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe. Duk wanda ya tsaya ɗaure igiyar takalmi sai hannunsa ya kai aljihun kati. Kafin azahar ya kwashe bencin ya koma ƙasa. Kwanakin nan abincin da matarsa ke kawowa komawa yake yi a rufe. Ya daki yatsansa da guduma, abin da bai taɓa yi ba a sanina, farcen ya yi baƙi. Ya kawo mini agogon bangonsa wai yana gudu da yawa. Agogon lafiyarsa lau.

Ranar da mai ƙidayar ta dawo an wuni ana ruwa. Titi ya cika da taɓo. Bayan la'asar na hango ta da lema, kuma da na kalli ƙafarta sai na miƙe tsaye. Saboda ruwan ta bar takalmin yadin a gida. Baƙi ta sa, mai sheƙi, mai kauri. Ta zo ta tsaya daidai bakin tagarsa tana naɗe lema.

Hannun Gwaggo ya girmi alkawarin da ta yi. Na ji cokalin, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ban ɗauki lema ba, haka na tsallaka. Kafin in sauka ta riga ta shiga. Na tsaya a matattakala, mai aski a bayana yana huci. Ɗakin babu kowa sai matarsa tsaye da kwanon abinci a hannu. Guduma tana ƙasa. Ƙusoshi sun watse. Duk kujerun da ke ɗakin ƙwarangwal ne, ba soso ba yadi, sai guda ɗaya.

"Mama, sannu da aiki. Zan iya zama? Ƙafata ta gaji."

 Mai ƙidayar ta zauna a kan doguwar kujerar mai ruwan toka, ta ɗora na'urarta a cinya.

"Maigidan nake nema."

 Ruwa yana ta bugun taga. Na dubi matarsa. Kalma biyu ce kawai, yana nan. Amma ita ce ta wanke kayan ƙanen mijinta da aka bari a igiya, ita ta ninke su. A layin nan ba a taɓa nuna mutum da yatsa ba, ba ita za ta fara da mijinta ba. Idonta ya sauka kan kujerar, ta yi sauri ta ɗauke shi.

A bayana mai aski ya ja numfashi. "Ai Hajiya, ya..." Na taka masa ƙafa, ta hagun.

"Mama," in ji mai ƙidayar a hankali, "wannan ne zuwana na ƙarshe. Ban zo da kowa ba, ki leƙa waje ki gani. Amma in na hau matattakalar nan ban gan shi ba, abin da zan rubuta ba ni da ikon goge shi."

Ta jira. Ni mai gyaran agogo ne, amma ba zan iya gaya maka tsawon jiran nan ba. Ta kunna na'urar, haskenta ya bugi fuskarta. Ta ɗaga yatsa.

Sai aka ƙwanƙwasa. Ba a ƙofa ba. A ƙarƙashinta, a hankali, kamar mai neman izinin shiga gidan surukai. Wata murya ta fito daga cikin soso, a shaƙe.

"Ina nan."

Ta zabura, na'urar ta kusa faɗuwa. Mazaunin kujerar ya ɗaga kaɗan, ya koma, ya sake ɗagawa. Hannu ya fito, mai baƙin farce, yana riƙe da kati.  Sai da matarsa ta ajiye kwano ta kama shi sannan sauran jikin ya biyo. Ya tsaya a gabanta, furfura cike da garin katako, gwiwa ba ta miƙe ba, ido a ƙasa yana kallon takalmanta.

Ba ta yi dariya ba. Na riƙe mata wannan har yau. Ta karɓi katin da hannu biyu, ta dubi hoton, ta dubi fuskar.

"Baba, a ginin nan kake kwana?"

"E."

"Iyalinka suna tare da kai?"

"Ga ta nan. Yarinyar tana makaranta."

"Ka yi wata doguwar tafiya waje a shekarar nan?"

"Iyakata tasha," ya ce yana kallon mai aski, "ita ma a bakin wancan."

Ta taɓa na'urar, ta miƙa masa katinsa. "Shi ke nan."

Ya tsaya riƙe da katin bai mayar aljihu ba. Tsoro in ya daɗe a jikin mutum ba ya yarda a sallame shi da arha. "Ranki ya daɗe, ba ki tambayi aikin ba."

Mai aski ya dafe kai.

Ta dubi katin da ke hannunsa, ta dubi ƙwarangwal ɗin kujerun, da tulin soso, da guduma a ƙasa. "Ba a ba ni gurbin wannan ba. Ni ƙirga nake yi. Wancan tsakaninka da masu kati ne. In da mahaifina ne, da na ce ya je musu kafin su tuna da shi." Ta ɗauki lemarta. A matattakala ta tsaya gaban mai aski. "Kai ne mai kai mutane tasha? Ka san mutum nawa yake tsaye a madadinsu?"

"Baba mai agogo ya faɗa mini, Hajiya. Ashe ba mutum ɗaya na raka ba, mota guda na cika."

Bayan ta tafi Mai Kujeru ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Matarsa ta buɗe kwanon. Ya ci.

Ya ɗauki makonni kafin ya je wurin masu katin. Ranar da zai je ya sa rigar da ya fi so, ya shigo shagona ya bar mini makullin ɗakin ƙasa, ya ce in riƙe. Bai ce saboda me ba, ni ma ban tambaya ba. Na rataye shi a jikin agogon da ke gabana, na wuni ina gyara abu ɗaya. Daf da magariba ya zo ya karɓi abinsa. Abin da aka ce masa a can bai faɗa ba. Na dai san sun sa shi ya koma ba sau ɗaya ba. Auta ce take auna mini jini yanzu a asibitin unguwa, tana yi mini faɗa a kan gishiri.

Da aka fitar da ƙididdigar shekarar, mai aski ya ji adadin a rediyo, ya leƙa ta tagar ƙasa ya yi ihu, "Gafiya, an karanto ku! Wanne ne kai a ciki?" Daga ƙasa aka ce masa, "Na ƙarshen."

Gwaggo har yanzu tana buga bututu, ko da mai karanta mita ne. Ba wanda ya hana ta. Kujerar tana nan a jikin bango. Kwanaki na sauka na tarar da shi yana buga wa mazauninta ƙusa, ya ce ya rufe ta ke nan, zai sa mata kuɗi. Na ce madalla. Na ɗauki ƙusa ɗaya daga gwangwanin na juya ta a hannuna. Ƙusoshin gajeru ne ƙwarai, irin waɗanda ake zarewa da yatsa. Na mayar da ita, na tambaye shi yaya agogon bangon.